Ta yaya zan rage tsawon rubutu ba tare da ma'ana ta zube ba?

Mai koyon rubutu:
Assalamu alaikum. Maƙalata ta kai kalma 900, ana son 600. Malamai, me ake fara cirewa?

Mai gyaran rubutu:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka fara da kalmomi, fara da sakin layi. Duk wanda ya maimaita abin da wanda ya gabace shi ya faɗa, cire shi ɗungurungum. Sau da yawa sakin layin farko sharar fage ne kawai, maganar tana farawa a na biyu.

Sai ka koma kan jimloli. Dubi wannan: "A halin da ake ciki yanzu, hukumar ta bayyana cewa za ta gudanar da bincike a kan lamarin domin ganin cewa an gano gaskiya." Kalma 24. Ga ta kuma: "Hukumar ta ce za ta binciki lamarin don gano gaskiya." Kalma 10, kuma ba abin da ya salwanta. Babbar cutar ita ce mayar da aikatau suna, sannan a nemo masa "gudanar da" ko "aiwatar da" ya ɗauke shi. "Ya bayyana cewa" da "ya ƙara da cewa", "ya ce" ta wadatar. "Kamar yadda kowa ya sani" kuwa, in kowa ya sani, me ya sa za a faɗa?

Malamar nahawu:
Malam ya yi gaskiya, amma a yi hattara da ƙananan kalmomi irin su dai, ma, fa, kam. Ƙanana ne, amma aiki suke yi. "Yaron ma ya zo" na nufin akwai wasu da suka zo; ka cire "ma", wannan bayanin ya tafi. "Yaron ne ya zo" kuma amsa ce ga mai tambayar wa ya zo. Waɗanda suka fi zama cikon baki su ne "wato" da "ma'ana" idan abin da ya biyo bayansu maimaici ne. Zaɓi bayani ɗaya, wanda ya fi fitowa fili.

Mai gyaran rubutu:
Haka ne, Malama. Na ƙara da tagwayen kalmomi: "bunƙasa da haɓaka", "matsaloli da ƙalubale". Ɗaya ta isa. Bayan ka gama, ɗan'uwa, karanta da babbar murya. Inda ka ji jimla ta yi tsalle, ka yanke mahaɗi ne, irin "amma" ko "saboda". Mayar da shi.