Sufabaiza ya ƙi taken furojet ɗina a kan Hildegard, ku ba ni shawara

Mai neman shawara: Salama gare ku 'yan uwa. Ina shekarar ƙarshe a sashen tarihi, kuma tun ina yarinya nake cikin kwaya, har na taɓa riƙe sakatariya kafin a sauke ni, wannan labari ne daban. Son waƙa ya sa na zaɓi Hildegard ta Bingen, sistar Jamus da ta rayu daga 1098 zuwa 1179, ta bar waƙoƙin ibada sama da 70 da Latin, ta kafa gidan sistocinta a Rupertsberg wajen 1150. Taken da na kai shi ne Hildegard 'yar fafutukar 'yancin mata ta farko. Malamina ya ja jan layi a kai ya ce in sake tunani. Na riga na gama babi uku, kuɗin bugawa ma rance ne. In canza ko in tsaya a kan bakana?

Maman Rahila: Ƙanwata, kar ki canza. A zumuntar mata mu ke tsara waƙa, mu ke koyar da ita, amma ran babban taro sai a miƙa wa namiji makirufo. Bara waƙar da na yi ce aka rera a taron gunduma, ko sunana ba a ambata ba.

Malam Tarihi: 'Yata, malaminki ya yi miki gata. Ki karanta matar da kanta. A littafinta Scivias ta ce mata ba za su tsaya a bagade a matsayin firistoci ba. Tana kiran kanta 'yar mace mai rauni, tana kuma kiran zamaninta zamanin mata, ba yabo ba ne, zagi ne ga limaman da suka yi laushi. Da shugabar sistocin Andernach, Tenxwind, ta rubuto tana tuhumarta kan me ya sa 'ya'yan manya kaɗai take karɓa, amsar Hildegard ita ce wa zai tara shanu da jakuna da tumaki a garke ɗaya? Wannan ce mai neman daidaito? Kalmar feminist da kike son liƙa mata sai a ƙarni na 19 ta fito a Faransa. Ran difens da tambaya ɗaya za a kayar da ke.

Mai neman shawara: Baba, na karanta duk wannan. Amma matar da ta fita yawon wa'azi a Trier da Kolon, maza limamai suna sauraro, a duniyar da ake karanta wa mata 1 Korantiyawa 14:34 cewa su yi shiru a ikilisiya? Kuma 1178 fa? Limaman Mainz suka hana gidanta rera waƙar ibada saboda ta binne wani mutum da suka ce an kore shi daga ikilisiya. Tana da shekara 80 ta ƙi tono gawar, ta rubuta musu cewa mai hana waƙar yabon Allah ba bisa ƙa'ida ba zai rasa waƙar mala'iku. A 1179 aka janye hanin.

Malam Tarihi: Ai da sunan wahayi ta yi, ba da sunan mata ba. Sai da Fafaroma Eugenius na 3 ya amince da rubutunta a Trier wajen 1147 ta samu bakin magana. Kuma rera waƙa aikin kowace sista ne a ƙarƙashin dokar Benedikt, wato ƙa'idar zaman gidan sistoci, sau bakwai da rana da sau ɗaya da dare, a bayan katanga. Ba ƙwatar haƙƙi ba ne.

Anti Hajara: Ni Musulma ce, amma irin gardamar nan aka yi mini a kan Nana Asma'u da 'Yan Taru. Na cire kalmar daga take, na bar hujjojina a ciki, na wuce lafiya. Ki yi haka.

Ɗan Kwaya: Idan ta farko kike nema ma kin makara. Kassia, sista mai tsara waƙoƙin ibada ta Kustantiniya, ta riga ta da kusan shekara 300, har yau Kiristocin Otodoks na rera waƙarta a makon da ke gabanin Ista. Ki koma kanta kawai.

Maman Rahila: Kun gani? Maza biyu sun shigo, kowa na gaya mata abin da za ta rubuta.

Malam Tarihi: Maman Rahila, ba maganar maza ba ce. In ana son mace da ta ɗauki alƙalami don kare mata daga zagin marubuta maza, Christine de Pizan ce a 1405, ita kuma ba mawaƙiyar coci ba ce.

Mai neman shawara: Na gode duka. Kassia ba ni da littattafanta, lokaci kuma ya ƙure. Anti Hajara, in na cire kalmar babi na biyu gaba ɗaya ya rushe. Akwai wanda ya san ko ana iya neman canjin sufabaiza a zangon ƙarshe?

Ɗan Kwaya: Ya danganta da makaranta. Wace jami'a ce?