Cin ruwa a ƙafa da taurin bayan gida lokacin aikin fadama: kowa ya faɗi abin da ya gwada

Manomin shinkafa, Augie

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk sanda aka shiga dashe, abu biyu ke addabarmu, ni da yaran da ke taya ni aiki. Na farko ƙafa. Tsakanin yatsu ya yi fari fat, fata ta riƙa saɓulewa, ga wari, ga ƙaiƙayi in dare ya yi. Na biyu ciki ya ɗaure, mutum ya yi kwanaki bai kewaya ba, in ya je ma sai yunƙuri da nishi. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a 2015 noman rani ya kankama, yanzu muna fita na damina muna faɗawa na rani, ƙafar ba ta samun sararin warkewa. Don Allah wanda ya sha wanga abu ya faɗa mana abin da ya yi, wanda ya yi amfani da wanda bai yi ba.

Masunci, Yawuri

Wa alaikumus salam. Mu da muke kwana muna tashi bakin Neja, lalle muka gada. A kwaɓa garinsa da ruwa zalla, ya yi kauri, a wanke ƙafa da sabulu, a bari ta bushe sarai, sannan a cusa shi tsakanin yatsu. Wurin ɗan ƙaramin yatsa da na kusa da shi za ka fi dagewa, nan ne matsattse, nan cutar ke fara zama. In za ka ɗaure, ka ɗaure da tsumma, kada ka sa leda. Da safe za ka ga wurin ya tsotse, ƙaiƙayin ya faɗa.

Amma gaskiya ɗaya ce, ni dai lalle bai taɓa raba ni da shi gaba ɗaya ba. Yana kwantar da shi. In na koma ruwa na yi sakaci da busarwa, sai ya dawo.

Inna mai abinci, Jega

Ɗana na Augie, kafin ka tambayi magani, mi kake kai wa yaran nan gona? Na san amsar, don ina gani. Burodi da lemun kwalba, ko gari da suga, ko farar shinkafa da mai da yaji. Da dare kuma tuwon shinkafa da miya tsararo. Ta ina ciki zai saki?

Mu da muka tashi, tuwon dawa ne da na gero, miyar lalo, kuɓewa, kuka, yakuwa. Ga kwaɗon rama da na zogale da na tafasa da ƙuli-ƙuli. Ban san taurin ciki ba sai da na girma. Yanzu shinkafar inji ta zo fara tas, an goge dusarta kakaf.

Abin da nake yi wa mutanen gidana: in jiƙa tsamiya tun dare, cikin tafin hannu guda a kofi babba, da safe in dama in tace, a sha kafin a karya. Wanda tsamin ke damu sai in dama masa kunun tsamiya na gero. A zuba wake cikin shinkafar da za a kai gona. Ƙwaryar kwaɗon zogale guda ba ta kai kuɗin lemun kwalba uku ba. In lokacin gwanda ko kankana ne, a saya. Sannan ruwa. Suna tsaye cikin ruwa wuni guda, gumi na zuba, amma jarkar da suka zo da ita ta ƙare tun hantsi, babu mai komawa ɗebowa.

Matashi, Bunza

Inna, tsamiya sai a hankali take aiki. Mu filasko muke dafawa. Kofi ɗaya da dare, kafin asuba an gama magana. Ƙafa kuwa akwai masu shafa baƙin mai na injin ban ruwa kafin su shiga, suna cewa ruwa ba ya ratsa shi.

Ma'aikaciyar jinya, Birnin Kebbi

Ƙanena na Bunza, ka tsaya mu yi magana kan filasko, don ina ganin masu zuwa da sakamakonsa. Yana aiki, babu musu. Danginsa ne ake sarrafawa a yi ƙwayar sena da muke bayarwa a asibiti, kuma cikin awa 6 zuwa 12 yake motsa hanji. Bambancin shi ne ƙwayar an auna ta, wanda aka dafa a tukunya kuwa babu wanda ya san ƙarfinsa. Shi ya sa wani ke sha ya kwana yana murɗar ciki da zawo, gari ya waye jiki babu ruwa, kuma a haka zai shiga rana. Ko ta asibitin ba a so a wuce mako guda ana sha ba tare da ganin likita ba. In ta kama dole, kaɗan, sau ɗaya, ba ya zama shayin kowane dare ba. Mai ciki da ƙananan yara kada a ba su.

Maganar Inna ita ce tushe. Abin da ke tausasa bayan gida shi ne ɓangaren abincin da hanji ba ya narkarwa, wato dusa, ɓawon wake, zaren ganye. Shi ke riƙe ruwa ya sa kashi ya yi laushi. In babu shi, ga ƙarancin ruwa, hanji sai ya tsotse ɗan ruwan da ya rage, abin ya fito ƙwaya-ƙwaya kamar kashin awaki. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba babba shawarar cin aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Yauƙin kuɓewa da lalo da kuka ma na taimakawa. Sai dai wanda ya ƙara ganye da wake bai ƙara shan ruwa ba, kumburi zai samu.

Akwai kuma riƙewa. Na san a fadama ba ko'ina ke da wurin kewayawa ba, mutum ya ji ya matsu sai ya danne har yamma. Duk dannewa na ƙara busar da shi. Hanji ya fi motsi jim kaɗan bayan an ci abin safe, a yi ƙoƙari a saba da wannan lokacin kafin a fita. Kuma kada a yi ta yunƙuri da ƙarfi, hanyar basir kenan.

Baƙin mai kuwa, don girman Allah a daina. Haka kananzir da fetur. Fatar da ta riga ta tsage ake zuba wa dattin inji.

Ɗan kasuwa, Argungu

Ni ban taɓa shiga fadama ba amma na yi fama da cin ruwa shekara da shekaru. Nawa daga alwala ne da takalmi sau-ciki. In tsettsefe yatsu yadda ya kamata, in idar da salla, in zura safa ƙafa da danshi, in koma shago. Sau biyar a rana. Abin da ya raba ni da shi ɗan ƙyalle ne da na ware a aljihu, bayan salla in bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya in goge. Na koma sa takalmi buɗaɗɗe, na daina zura silifas ɗin da kowa ke sawa a wurin alwala na masallaci, na riƙa zuwa da nawa. Tare da haka na shafa man da aka rubuta Clotrimazole a jikinsa safe da dare.

Na gwada tafarnuwa kafin nan, don an ce tana kashe cutar. Dakakkiya ɗanya a kan fata mai rauni ƙuna take yi, har ta tashi bororo. Ban ba kowa shawararta ba.

Manomin shinkafa, Augie

Na gode ƙwarai. Sista, ni ma na sayi wani mai a kemis, wanda suke ce wa mai haɗi uku. Kwana biyu ƙaiƙayi ya ɗauke, amma daga baya abin ya bazu har bayan ƙafa. Ko jikina ne bai karɓe shi ba? Sannan dogon takalmin roba fa, yana hanawa?

Ma'aikaciyar jinya, Birnin Kebbi

Malam, ba jikinka ba ne. Cin ruwa ƙwayar cuta ce dangin fangas, 'yar uwar wadda ke kawo makero, tana son ɗumi da danshi. Mayukan nan masu haɗi uku akwai sitiroyid mai ƙarfi a cikinsu. Shi ke kashe ƙaiƙayi nan take, amma yana raunana garkuwar fatar wurin, cutar ta samu filin yaɗuwa. Ka nemi wanda ba haɗi, Clotrimazole ko Miconazole zalla, sau biyu a rana har mako 4. Terbinafine ya fi sauri, mako 1 zuwa 2. Inda mutane ke faɗuwa shi ne su daina da zarar ƙaiƙayi ya tafi, alhali ƙwayar na nan.

Lallen da Baba na Yawuri ya faɗa ban hana ba, yana busar da wuri, haka wanke ƙafa da ruwan dafaffen ganyen dogonyaro da wasu ke yi. Amma a haɗa da man, kuma kada a sa a kan buɗaɗɗen rauni. Man kaɗanya na kaushi da faso ne a dunduniya, kada a cusa shi tsakanin yatsu, danshi zai ƙara riƙewa.

Takalmin roba na kare ka daga ruwa da kaifin abubuwa, amma gumi na taruwa a ciki. In an fito cin abinci a cire shi, ƙafa ta sha iska. Da yamma a wanke cikinsa a kife shi a kan sanda ya bushe, kuma kowa ya riƙe nasa.

Mai injin ban ruwa, Suru

Akwai abin da ba a faɗa ba, kuma kowa ya sani. Da yawa cikin yaran da ke kwadago suna haɗiyar tiramadol don su jure aiki. Akwai wani yaro da ke mini aiki, ba tsamiyar da ba a ba shi ba, ciki ya ƙi. Sai da na zaunar da shi ya faɗa mini abin da yake sha. Ƙwayar nan da kodin duk suna kashe motsin hanji. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma ƙwaya na nan tana yawo a gonaki. Mai gona ya lura da yaransa, ya yi musu magana ta hankali, wanda abin ya kama sosai a kai shi asibiti, don yankewa rana ɗaya ma na da tata wahalar.

Uwargida, Kamba

Anti, ni tambayata ta mata ce. Tun da na fara shan jan maganin ƙarin jini da ake ba mu wurin awo cikina ya ɗaure. Surukata ta ce in riƙa jiƙa kanwa ina sha.

Ma'aikaciyar jinya, Birnin Kebbi

Ƙanwata, maganin ƙarin jini na yin haka, har ya mai da bayan gida baƙi, kuma shi kansa cikin na rage saurin hanji. Kada ki daina sha, ki faɗa musu ranar awo, akwai abin da za su ba ki wanda ba ya cutar da ciki. Ki riƙe gwanda nunanniya, lemu, dabino, miyar yauƙi da ruwa. Kanwa kuwa ki ba Inna haƙuri cikin ladabi. Gishiri ne da ita mai yawa, tana iya tayar da hawan jini, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

Malamin makaranta, Zuru

Ina roƙon a saurari wannan. Mahaifinmu na da ciwon suga. Ruwa ya ci masa tsakanin yatsu, aka riƙa jiƙa masa ƙafa cikin ruwan zafi da gishiri, shi kuwa ba ya jin zafin, don ciwon ya rage masa ji a ƙafa. Kafin a ankara wurin ya zama gyambo, ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi. Ya daɗe a kwance a asibiti, Allah ya sa ba a kai ga yanka ba. Mai ciwon suga ba a yi masa maganin gida a ƙafa, komai ƙanƙantar abin. Kuma a riƙa duba masa tsakanin yatsu kullum, don shi ba zai ji ba.

Inna mai abinci, Jega

Allah shi ƙara wa Baba lafiya, shi sa kaffara ne. Tau, an ji.

Masunci, Yawuri

Amin. Ɗiyata, saura ɗaya. Farcen babban yatsana ya yi kauri, ya koma ruwan ɗorawa, yana marmashewa in na yanke. Lallen bai taɓa shi ba.

Ma'aikaciyar jinya, Birnin Kebbi

Baba, cutar ce ta shiga farce, kuma daga nan take komawa fata, shi ya sa naka ke yawan dawowa. Na shafawa ba ya ratsa farce. Ƙwaya ake sha, galibi kusan wata 3, kuma sai likita ya duba ka tukuna, don tana iya taɓa hanta. Ko bayan an gama, farcen ƙafa na ɗaukar shekara ko fiye kafin sabo ya gama fitowa, kada ka ga bai canza da wuri ba ka ce bai yi ba. Reza ko abin yankan farcenka kada wani ya yi amfani da shi.

Malam na Augie, ga waɗanda za ka ɗauko daga gona ka kai asibiti ba tare da jiran tsamiya ba: wanda ke ganin jini a bayan gida, wanda cikinsa ya kumbura yana amai ko iska ba ta fita, wanda ke ramewa, da dattijon da abin ya same shi kwatsam alhali da ba ya yi. A ƙafa kuma, ja da kumburi mai hawa sama, ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi. In cikin yaran akwai mai fitsarin jini, tsargiya ce daga ruwan fadamar, ita ma akwai maganinta a asibiti, ka haɗa da shi.