Neman shawara: "intense" ko "intensive" a takardar neman aiki?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kammala horon haɗa wutar sola na mako 6, inda muke shiga aji tun ƙarfe 8 na safe, ba ma tashi sai bayan La'asar. A takardar neman aiki na rubuta "I undertook an intense training", sai yayana ya ja wa jimlar layi da jan biro, ya yi tafiyarsa bai gaya mini inda na kuskure ba. Ina roƙon masana su haska mini.

Wata malamar Turanci: Wa'alaikumus salam ƙanena. Yayanka yana da gaskiya. Kalmar "intense" tana nuna tsananin abu yadda ake jin sa a jiki ko a zuciya, kamar zafin rana a watan Afrilu, ita kuwa "intensive" tana nufin aiki mai yawa da aka dunƙule cikin ɗan gajeren lokaci, wanda shi ne ainihin abin da kuka yi. Kuskure na biyu ya fi ɓuya, kuma ɗalibaina ma suna yawan faɗawa cikinsa: "training" ba a ƙirga ta, saboda haka ba a sa mata "a" ko "an". Amma "undertook" ba laifi ba ce, sai dai ta fi dacewa da aikin da mutum ya ɗaukar wa kansa, kamar bincike, yayin da horon da wani ya ba ka aka fi cewa "underwent". Da ni ce, zan rubuta "I completed a six-week intensive course", domin ta nuna ka kai ƙarshe. Ka lura ba a ƙara "s" a jikin "week" a wannan wurin.

Wani tsohon ma'aikacin ofis: Malama ta gama magana, tawa ƙari ce kawai. Ɗana, kada wani ya ba ka shawarar rubuta "crash course", domin mai karanta takardarka zai ɗauka an yi muku karatun ne a gurguje. Haka kuma kada ka rikita "intensive" da "extensive", wadda ke nufin faɗi da yawan fannoni. Ka ambaci abin da hannunka ya iya, kamar auna batir da ɗora faranti a kan rufi, domin shi za a fara tambayarka ranar ganawa.

Mai tambaya: Na gode Malama, na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Na gyara jimlar, gobe da safe zan miƙa takardar in sha Allahu.