Neman shawara: shigo da tururuwar ƙasar waje don binciken digiri na biyu

Mai tambaya, Samaru

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina digiri na biyu a fannin ilimin ƙwari, kuma bincikena a kan yadda tururuwa ke raba aiki a tsakaninsu ne. Zuciyata ta kwanta da masu yankan ganyen nan na Kudancin Amurka da ake kira Atta, waɗanda ke kwasar ganye zuwa rami su shuka wata irin fumfuna a kansa, ita ce abincinsu. Ɗan kawuna da ke Jamus ya ce can a intanet ake sayar da sarauniya da 'yan ma'aikatanta cikin 'yar roba, kuma zai jefo min ɗaya a jaka idan zai zo bikin ƙanwarsa. Wani abokina ya ce tunda na karatu ne, ba ruwan hukuma. Haka ne? Idan akwai takarda, ina ake nemanta? Malamin da ke duba aikina ya yi tafiya, shi ya sa na fara da ku.

Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji, Hayin Dogo

Wa alaikumus salam. Ɗana, kira ɗan kawun naka yau ka ce ya bar ta inda ya gan ta. Ƙwaro mai rai ba ya shigowa Najeriya sai da izinin hukumar NAQS, mai kula da shige da ficen tsirrai da dabbobi, kuma kafin a taso da kayan ake karɓar izinin, ba bayan sun sauka a Kano ba. Cewa na bincike ne dalili ne da za ka rubuta a takardar neman izini, ba ya ɗauke maka neman. Sannan robar nan ba tururuwa kaɗai ke ciki ba. Akwai fumfunar, wataƙila har da ƙasa, kowannensu abin tambaya ne mai zaman kansa. NESREA, hukumar kare muhalli ta ƙasa, ita ma tana da ƙa'idojin 2013 kan baƙin halittu masu mamaye muhalli.

Jira malaminka ya dawo. Wasiƙar ta fito daga sashenku da sa hannunsa, ku shirya amsar wane nau'i ne, daga hannun wa, a wane ɗaki za a ajiye, wa ke riƙe da makulli, ya za a yi da su in an gama. Ba sabon abu ba ne shigo da ƙwaro bisa ƙa'ida. Lokacin da wani ƙwaro ya kusa gamawa da rogon Afirka, daga Kudancin Amurka masanan cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan suka samo ɗan zanzaron da ya kawo sauƙinsa, amma sai da aka killace shi aka tantance kafin a sake shi a gonaki.

Wani ɗan ajinsu

Baba, da girmanka, tururuwa ce fa guda ɗaya. Wa zai buɗe jakar mutum yana neman tururuwa? Kafin takarda ta fito an yaye 'yan ajinmu.

Malamar gona, Kongo

Ƙanena, an buɗe kuwa. A watan Afrilun 2025 aka kama samari biyu 'yan Beljiyam a Kenya da sarauniyoyi kusan 5,000 a cikin ƙananan kwalabe, tare da wasu mutum biyu. Kotu ta ci kowannensu tarar shilin miliyan ɗaya ko zaman gidan yari na shekara guda. Su fitar da ita za su yi, to ka ga ƙasar da aka ɗauko abin ma tana da ta cewa.

Ni ba kamun ne ya dame ni ba. Wanda ya ga yadda tsutsar nan da ake kira sharon ta yi da tumatir a 2016, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, ba zai ce ƙwaro ɗaya ne kawai ba. Ita ma daga Kudancin Amurka ta fito. Jar tururuwa mai harbi, Solenopsis invicta, ta jirgin ruwa ta shiga Alabama wajen shekarun 1930, an gan ta a Brisbane a 2001, har yau Ostareliya na zuba kuɗi ba ta rabu da ita ba. Atta kuwa a ƙasarta manoma ba sa ƙaunarta, don tana iya tsige bishiyar lemo a dare ɗaya. Ga ɗakin gwajinku, ga gonakin gwajin IAR, cibiyar binciken noma ta Samaru, a bayan katanga.

Wadda ta taɓa kiwonsu a ƙasar waje

Bari in bar maganar doka, an gama ta. Ɗan'uwa, ko da takarda a hannu ban ga yadda Atta za ta rayu maka a Zariya ba. Fumfunar tana son danshi sosai da zafi wajen digiri 25, ba sama ba ƙasa. Hunturu zai busar da ita, zafin Afrilu ya ƙarasa, balle a ɗauke wuta kwana biyu. Idan fumfuna ta mutu, gidan ya mutu. Kullum kuma sai ka nemo ɗanyen ganyen da ba a yi wa feshi ba.

Killacewar ma aiki ce. Ana shafa wa bakin akwati wani ruwa mai santsi da ake kira fluon, ƙafafun tebur a cikin kwanon mai, raga mai ƙananan ido a taga da magudanar ruwa. Ƙurar hunturu tana zama a kan fluon ɗin ta zame musu matakala, sai ka wayi gari suna yawo a bango. Shara da matattu ba a zubarwa sai sun kwana a firiza ko an dafa su. Ma'aikaciya ta tsere ba ta kafa gida, masu fiffike ne abin tsoro.

Amma tambayarka rabon aiki ce, ba yankan ganye ba. Me ya hana ka tururuwarmu, Messor, mai tara hatsi? A rami ɗaya za ka ga manya masu ƙaton kai da ƙanana. Ga kuma gwano mai kai wa gara hari a jere. Irinsa Megaponera analis aka bi a dajin Comoé na Kodebuwa, aka wallafa a 2017 cewa suna ɗauko waɗanda suka ji rauni su mayar gida. Daga Jamus ɗin masu binciken suka taso.

Mai tambaya

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na yi wa ɗan kawuna magana, ya ce dama shi tsoro yake ji. Maganar Messor ta shige ni. Yaya, ta ina zan samu sarauniya? Haƙa rami zan yi?

Wadda ta taɓa kiwonsu a ƙasar waje

Kada ka haƙa, tana can ƙasa sosai, wahala kawai za ka sha. Jira ruwan farko mai ƙarfi, ka duba ƙasa washegari da safe: wadda ta zubar da fiffike tana yawo ita kaɗai, ita ce. Kada ka haɗa ta da shinge, tururuwa ƙugunta siriri ne. Sa ta a kwalbar gwaji mai ruwa da auduga, ka ajiye a duhu, ka daina leƙawa. Tara da yawa, don ba duka ke yi ba. Idan gonar wani ce ko filin makaranta, nemi izini tukuna, kuma ka tura wa malaminka sabon taken kafin damina ta faɗi.