Baba na son buga golf a tsibiri, kuɗi na hannuna, kaina ya ɗaure

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya yi ritaya bara. A Kaduna ya koyi golf lokacin yana aiki, har yau sandunansa na cikin jaka bayan ƙofar ɗakinsa, duk Juma'a sai ya fiddo su ya goge. Ya daɗe yana cewa kafin gwiwa ta ƙi shi yana son ya buga a filin da ke bakin teku. Mu 'ya'yansa muka haɗa kuɗi aka damƙa mini. Yayarmu ta ce Zanzibar, ni hankalina na kan Morishiyos, Inna kuma ta daina tanka mini a zancen. Fabrairu nake so. Ina zan kai shi?

Alhajin Arkilla: Morishiyos, babu ja. Filin Ile aux Cerfs rami 18 ne, ɗan wasan golf na Jamus Bernhard Langer ya tsara shi, sai da jirgin ruwa ake isa. Na Zanzibar da ke Mangapwani rami 9 ne kacal. Wanda ya saba da 18 ba zai ƙoshi ba.

Maman Biyu: Ranka ya daɗe, a Fabrairu? Janairu zuwa Maris guguwar teku ta fi tasowa can. Zanzibar kuwa ruwa mai yawa sai Maris zuwa Mayu, ga su Musulmi, ba fargabar abinci.

Alhajin Arkilla: Hajiya, akwai babban masallacin Juma'a a Port Louis, babban birnin Morishiyos, nama halal ba wuya. Ya ɗaga tahiyar zuwa Yuni, shi ke nan.

Ɗan Mabera: Alhaji, hutuna Fabrairu ne, ba ni iya ɗagawa.

Malam na Runjin Sambo: Zanzibar cikin Tanzaniya take, kuma bizar Tanzaniya ga ɗan Najeriya sai an tura an tantance, tana cin lokaci. Ga inshorar dala 44 da Zanzibar ta wajabta tun Oktoban 2024. Ni wani ejan ya karɓe mini kuɗi da fasfo, kullum gobe, wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Maman Biyu: Mi Inna ta ce? Ko Umra take so ku kai su?

Ɗan Mabera: Sun yi Hajji, sun yi Umra. Wanga burinsa ne shi kaɗai, ban ga laifina ba.

Malam na Runjin Sambo: Gwiwar fa? Sakkwato zuwa Abuja, sannan jirgi bayan jirgi. Likita ya gan shi?

Alhajin Arkilla: Akwai 'yar motar da ke yawo da mutum cikin fili. Ku bar tsorata yaro.

Maman Biyu: Ni dai ka je ka zauna da Inna tukuna.

Ɗan Mabera: To ni har na fara magana da wani otal a Morishiyos. Jakar sandunan, daban ake biya a jirgi?