Kisan kiyashi ne ko na ƙare dangi? Gardamar da ƙungiyar Qarabag ta tayar a zaurenmu

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun jiya abu ke cina a rai, bari in amayar. A gidan kallo ana nuna wasan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Qarabag, wani yaro ya tambaye ni ta wace ƙasa ce. Na ce ta Azabaijan ce, asalinta garin Agdam, amma tun 1993 da mayaƙan Armeniyawa suka ci garin ta koma Baku, babban birnin ƙasar, da wasa. Wallahi ko mutum ɗaya a wurin bai taɓa jin labarin ba. An mayar da Agdam kufai, masallacin Juma'a ne ya rage a tsaye, shi ma aka riƙa ɗaure dabbobi a ciki. Haka aka kwashe mutanen Lacin da Kalbajar da Fizuli da Jabrayil da Gubadli da Zangilan. Sama da mutum 600,000 suka bar gidajensu, wasu suka yi shekaru suna kwana a taragon jirgin ƙasa. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da ƙuduri huɗu a 1993 cewa mayaƙan su janye, ba wanda ya janye. Amma da Armeniyawa sama da 100,000 suka fice daga Karabak, yankin da Azabaijan da Armeniya suka yi yaƙi a kansa, a Satumbar 2023, ko'ina ka kunna rediyo zancen ke nan. Me ya sa kukan wani yake shiga kunnen duniya, na wani ba ya shiga? An yi wa mutanen Azabaijan ɗin nan kisan ƙare dangi, an yi shiru.

Lauya:
Wa'alaikumussalam Yaya. Zaluncin ba na musunsa, amma ka janye "ƙare dangi". Yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta 1948 sai da ta gindaya niyya: a nufi hallaka wata al'umma, dukanta ko sashenta, don kasancewarta wannan al'ummar. Korar mutane daga garuruwansu babban laifi ne, yana da nasa sunan a doka, amma ba shi ke nan ba. Kotun Duniya ta faɗi haka a shari'ar Bosniya da Sabiya a 2007. An kori jama'a a faɗin Bosniya, amma Srebrenica kaɗai, inda aka kashe maza da yara maza kusan 8,000 a 1995, ta kira da wannan suna.

Baban Hanifa:
Ƙanena, ba kotu na zo ba. Wanda aka ƙona gidansa, aka tone kabarin ubansa, aka rushe garinsu har ba ya gane unguwarsu, me ya rage na danginsa?

Malama:
Ku dakata, ku biyun kuna cakuɗa Hausa. Kisan kiyashi daban, kisan ƙare dangi daban. Kiyashi yawan waɗanda aka kashe yake nunawa, an murƙushe su kamar ba mutane ba. Ƙare dangi kuwa manufa ce, kada iri ya saura. Abin da aka yi wa 'yan Azabaijan a garin Hojali na Karabak kisan kiyashi ne, wannan ba ja.

Ɗan Kurmi:
Malama, da girmanki, gidajen rediyo duk biyun suke faɗa a kan abu ɗaya. Ko a zancen Gaza yau ki ji wannan, gobe ki ji wancan.

Malama:
To su ne suka ɓata, ba harshen ba. Mai fassara yana sauri ya cika lokacin labarai, shi ke nan ya zama hujja? Shekara nawa ina koyar da Hausa, ban taɓa bari ɗalibi ya haɗa su ba.

Ɗan Kurmi:
Harshe na masu magana da shi ne, ba na 'yan aji ba.

Alhaji Mai Taya:
Ku bar gardamar nahawu. Malama ta ambaci Hojali ta wuce kamar ba komai. Daren 25 ga Fabrairun 1992, mutane suna gudu cikin ƙanƙara za su Agdam aka buɗe musu wuta. Gwamnatin Azabaijan ta ƙirga mutum 613, cikinsu yara 63. Lauya, wanda ya harbi yaro yana gudu, wace niyya kuma kake nema?

Lauya:
Alhaji, Allah Ya jiƙansu, kuma ya kamata a hukunta duk mai hannu. Amma duba: a Satumbar 2021 ita kanta Azabaijan ta kai Armeniya Kotun Duniya, kamar yadda Armeniya ta kai ta. Dukansu da yarjejeniyar hana wariyar launin fata suka shigar da ƙara, ba ta 1948 ba. Lauyoyinsu sun san abin da za su iya tabbatarwa. Kuma in kora ce ma'auni, Armeniyawan da aka kora daga Azabaijan bayan hare-haren da aka kai musu a garin Sumgait a 1988 da Baku a Janairun 1990 fa?

Alhaji Mai Taya:
Ai na san nan za ka. Kullum in an taɓa Musulmi sai ka nemo wani gefe.

Lauya:
Alhaji, ka girme ni, amma wannan ƙazafi ne. Ka janye.

Abu Sumayya:
Wane Musulmi ma ake magana? Yawancinsu 'yan Shi'a ne, kuma gwamnatinsu ba ruwanta da addini.

Sayyid:
In don Shi'anci ne, ai Iran da Armeniya ta fi ɗasawa. Ku tambayi wa yake sayar wa Baku jirage marasa matuƙa. Isra'ila. Man Azabaijan kuma ta bututun da ya ɓulle Turkiyya yake isa Isra'ila. Ni ba zan zubar wa wannan gwamnatin hawaye ba.

Baban Hanifa:
Subhanallah! Tsohuwar da ta tsallaka duwatsun Kalbajar da ƙafa a Afrilun 1993, ita ta sa hannu a cinikin makamai? Ni zancen talakawa na kawo.

Abu Sumayya:
Sayyid, yau kai ke sukar 'yan'uwanka don Iran ba ta yi da su?

Sayyid:
Kar ka ƙara jingina ni da abin da ban faɗa ba. Tun muhawarar watan azumi kake neman hanya.

Hajiya Uwa:
Ni tambaya ɗaya gare ni. Masu cewa a kira wannan ƙare dangi, kun yarda a kira abin da Daular Usmaniyya ta yi wa Armeniyawa a 1915 da sunan? Turkiyya har gobe ba ta yarda ba, kuma ita ce babbar ƙawar Baku.

Alhaji Mai Taya:
Hajiya, wancan lokacin yaƙin duniya ne, kowa ya mutu.

Hajiya Uwa:
To ai wannan ma yaƙi ne, Alhaji. Ka ga ka ba Lauya gaskiya da bakinka.

Malama:
Kuma har yanzu ba wanda ya amsa mini bambancin kiyashi da dangi.

Shugaban zaure:
Dare ya yi, zan rufe. Abin da na fahimta: kowa ya yarda an zalunci mutanen Azabaijan, an kore su, an yi ta'asa a Hojali, kuma ba wanda ya iya ƙaryata alƙaluman Baban Hanifa da na Alhaji. Lauya ya kawo ƙa'idojin Turawa, waɗanda su suka rubuta, su suke zaɓar inda za su yi aiki da su. Maganar 1915 da ta Sumgait ba su cikin maudu'i, don haka ban sa su a lissafi ba. Rinjaye na ga masu cewa ƙare dangi ne. Abu Sumayya da Sayyid, ku same ni ta waya gobe bayan Azahar.

Lauya:
Ranka ya daɗe, mutum biyu ne kacal suka ce haka. Ka koma sama ka ƙirga.