Yaya kuke auna ruwan tafkinku kafin rabon rani?

Mai latas, bayan Ashaiman: Salamu alaikum 'yan uwa manoman rani na Ankara da kewaye. Ƙaramin tafkin da muke ban ruwa da shi ya cika maƙil bayan ruwan Oktoba, amma tun Fabrairu inji ya fara zuƙo taɓo. Ku faɗa mana yadda kuke auna naku, don abin ya kusa raba zumunci a wajenmu.

Dattijo, Dawhenya: Wa alaikumus salam ɗana. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a kan tafki bai sani ba. Saman yana nan yadda ka san shi, laka ce ta cinye cikin. Mu muna samun doguwar gora, a shafa mata fenti duk rabin mita, yara biyu su shiga kwale-kwale suna cakawa layi-layi, ɗaya a bakin gaɓa yana rubutawa. Inda gorar ta fara jin laushi nan ruwanka ya ƙare, kar ka danna. Sai a fitar da matsakaicin zurfi a ninka da girman filin saman ruwan, wato tsawo sau faɗi. Mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya zurfi lita 1,000 ke nan, wato jarkar da ake kira galan Kufuor, mai lita 25, guda 40. Duk shekara ake sakewa.

Ɗalibin injiniya, Kumasi: Baba ya gama magana, ƙari kawai zan yi. Ku kafa sandar awo a cikin ruwa, ku ware rana guda ba wanda zai ta da inji. Abin da ya ragu washegari rana da iska da ƙasa ne suka sha. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce, kuma da hunturu abin ya kan kai milimita 5 a yini. Ko madatsar ruwa ta Akosombo da karatun tsayin ruwa ake tafiyar da ita. Da ya doshi ƙafa 278 a 2023 dole aka saki ruwa, mutanen garin Mepe suka ji jiki da ambaliya.

Hajiya mai alayyafo, Weija: Awo da kyau, amma rabo shi ne magana. Mai inji ya zo da asuba ya kwashe, mu masu ɗaukar bokiti mu tarar da kwata. Abin yana ci mini rai, don mata da tsofaffi ne ke ƙarshen layi. Sai da muka zauna da shugabannin ƙungiya aka ja jan fenti a jikin sanda. Ruwa na taɓa wurin, inji ya tsaya, kowa ya koma bokiti, da sassafe ko da yamma. Masu kabeji sun yi gunaguni, daga baya suka rage kunya suka ƙara alayyafo mai saurin fitowa.

Mai latas, bayan Ashaiman: Allah ya saka da alheri. Hajiya, a wane zurfi kuka ja jan layin naku, kuma wa ke riƙe da littafin?